Shekarar Da Aka Ce Na Rufe Bakin Alhaji

Kafin in fara, ina so ku san cewa ba komai nake tunawa daidai ba. Akwai abin da na gani da idona, akwai wanda mahaifiyarku ta ba ni labari, kuma da daɗewa sun cakuɗe a kaina har wani lokacin ba na iya raba su. Inda nake shakka zan faɗa. Dalilin da ya sa na keɓe wa wannan shekara babi guda shi ne maganar da na san kun sha ji a gidan kakanninku, wata rana cikin wasa, wata rana ba cikin wasa ba, cewa babanku ne ya rufe bakin Alhaji bayan rasuwarsa. Ban taɓa ba ku amsa ba. Ga abin da na sani.

Kakanku na wajen uwa, Alhaji Bappa, fataucin riɗi da wake yake yi. Yana saye a kasuwannin Shira da Gololo da ƙauyukan kewaye, ya tara a Azare, ya tura Legas. Ofishinsa bango ɗaya ne da gidansa, har akwai 'yar ƙofa a baya da ake miƙo abinci ta cikinta. Na shiga aikinsa bayan na gama bautar ƙasa, da digirina na kwamfuta da ban san inda zan kai shi ba, kuma ba a jima ba ya ba ni auren Rakiya, mahaifiyarku. Na tarar kamfanin yana da sabarsa ta imel. Saba kwamfuta ce da ba a kashewa, ita ke karɓar saƙonni ta kuma aika su, kamar a ce gidan waya ne na kamfanin shi kaɗai. Emeka ne ya kafa ta, ɗan kasuwar nan mai shagon kwamfuta wanda iyayensa suka zo daga kudu, amma shi a Azare aka haife shi, Hausarsa ta fi tawa gishiri. Ya kafa ta ya bar ta da saitin da ta zo da shi. A wannan saitin, duk wayar da ta hau layin intanet na ofis, sabar ta yarda da ita. Ba ta tambayar kalmar sirri kafin ta aika saƙo, kuma mutum yana iya rubuta sunan da ya ga dama a gurbin mai aikawa. Layin nan kuwa har cikin gida yake kaiwa, kowa a gidan a kansa yake.

Na daɗe ina juya maganar a raina kafin na iya gaya wa Alhaji, domin suruki ne kuma ubangida. Da na gama bayani, sai ya cire tabarau ya dube ni.

"Wato kana so duk wanda zan aika sai ya nuna takardar shaida?"

"Ba haka nake nufi ba, Alhaji. Tsorona kada wani ya yi magana da sunanku ba da saninku ba."

"Malam Auwalu, ni ban iya danne-dannen nan ba, kuma ba zan koya da furfura ba. Wanda yake kusa da ni shi ne hannuna. Ka bar akwatinka yadda ka same shi."

Gaskiya ya faɗa, haka yake aiki. Alhaji bai taɓa rubuta saƙo da hannunsa ba. Yana zaune ko yana cikin mota zai ce wa wanda ke gefensa, rubuta. Direbansa ya rubuta masa, sakatare ya rubuta, babban ɗansa Kabiru, wato kawunku, ya rubuta, Rakiya ta rubuta, ni na rubuta, har Emeka in ya zo gyara. Kowa da wayarsa, amma da sunan Alhaji saƙon ke fita, domin a harkar nan maganar da ba ta zo da sunansa ba babu mai motsawa a kanta. Shi ya sa mutane da yawa suka haddace yadda yake magana, inda yake tsayawa, da inda yake sako Fillanci. Kuma ba saƙon kasuwanci kaɗai ba. Ya sa an buɗe wa kakarku Dada adireshi, aka ajiye mata tsohuwar waya a ɗaki. Ita ba ta karanta boko, amma in yana Legas ko Umara sai wayar ta yi ƙara, a kira wani ya karanta mata. 'Yar Gololo yake ce mata, don can ne garinsu, kuma kullum da tsokana yake farawa.

Ya rasu a ƙarshen damina, bayan gajeriyar jinya. Ranar da aka yi sadakar uku, Yaya Kabiru ya tattara wayar Alhaji da hularsa da tabaransa ya saka a ofishinsa, ya ɗaura kwaɗo, ya jefa mabuɗin a aljihu. Ya tara mu ya ce komai ya zama dukiyar magada, ba a taɓa ko tsinke sai an yi rabon gado. Ya nuna ni da baki ya ce, har da akwatin nan naka. Na ce to. Dada ta shiga takaba, Rakiya ta koma gidan don ta zauna da ita, ni kuma ina zuwa aiki ina komawa gidanmu ni kaɗai.

Ina jin Juma'a ta biyu ce bayan rasuwar, ko ta uku, ba zan rantse ba. Na fito daga masallaci ina neman takalmina sai ga kiran mahaifiyarku. Muryarta ƙasa-ƙasa.

"Kana ina? Ka zo yanzu. Baba ya aiko da saƙo."

"Wane Baban?"

"Baba nawa nake da su? Ka zo kawai."

Na hau acaɓa na tafi. A zaure ta same ni ta miƙo min wayar Dada. Sunan Alhaji ne a sama, adireshinsa ne, kuma lokacin da ke jiki lokacin huɗuba ne. Abin da ke ciki, gwargwadon tunawata, shi ne: "'Yar Gololo, jam ɓandu na? An ce ba kya cin abinci. Wa kike yi wa rowar tuwon? Kuma kada ki bari su rufe tagar gabas, kin san ba na son zafi." Jam ɓandu na ɗin nan gaisuwarsa ce ta Fillanci, wato ya jiki. Na karanta na sake karantawa. Da ni aka ba alƙalami aka ce in kwaikwayi Alhaji, ba zan wuce haka ba. Na tambayi Rakiya ko ta karanta wa Dada. Ta ce ta karanta kafin ta gane abin da take karantawa, kuma Dada ta yi dariya, dariyar farko tun rasuwar, ta sa an buɗe taga, ta ce a kawo mata tuwo.

Na gaya wa duk wanda zai saurare ni cewa wannan ba abin mamaki ba ne, kowa a layin gidan yana iya yin haka. Na bi mutane ɗaya bayan ɗaya ina tambaya a hankali, don kada wani ya ji na tuhume shi. Direba ya rantse. Sakatare ya yi fushi. Yaya Kabiru ya ce wataƙila Alhaji ne ya sa aka rubuta tun yana da rai aka ajiye, amma bai dube ni ba lokacin da yake faɗa. Mahaifiyarku ta ce, ni kake tambaya? Ban sake tambayarta ba. Juma'a ta zagayo, wani saƙon ya zo. Ta sake zagayowa, wani ya zo. Kullum lokacin da maza suka tafi masallaci, unguwa ta yi tsit. Maganganu ne ƙanana: a ba tumaki dusa, a gaishe da wance da ta haihu, kunun jiya ya yi tsami. Matan gida suka rabu, wasu suna cewa rahama ce, wasu suna tofa addu'a in sun wuce ƙofar ofishin. Dada kuwa tun hantsin Juma'a take wanka ta zauna da wayar a kan cinyarta. Ni ma, in faɗi gaskiya, na fara tunanin ko in ƙyale, tunda tana cin abinci.

Sai na ce bari dai in gani da idona. Akwai masallacin da ke tayar da salla a makare, na yi niyyar in same ta a can. Na roƙi Emeka ya zo ya zauna da ni a ofis. Kowa ya tafi, muka rage mu biyu, da ƙarar fankar sabar, da muryar liman daga nesa a lasifika. Na buɗe allon da ke nuna abin da ke wucewa ta cikin sabar. Ƙofar Alhaji tana gabanmu da kwaɗonta. Emeka yana cin gyaɗa yana tsokanata.

"Malam Auwalu, kai da digiri kana gadin fatalwa da rana tsaka. In ya fito me za ka ce masa? Sannu da zuwa?"

Bai rufe baki ba sai layi ya fito a allon. Mai aikawa, Alhaji. Mai karɓa, Dada. Sabar ta karɓa ta miƙa, ba ta tambayi komai ba, kamar yadda aka bar ta. Ta bayan bango muka ji ƙaramar ƙarar wayar Dada. Na duba daga ina saƙon ya shigo, amma a yadda aka haɗa kayan, duk wayoyin gida da na ofis fuska ɗaya suke nuna mata. Abin da kawai zan iya cewa shi ne daga cikin layinmu yake, ba daga waje ba. Emeka ya zuba sauran gyaɗarsa a aljihu ya miƙe.

"Ni dai na bar shago ba kowa."

"Emeka, ka san fa mutum ne."

"Na sani. Mutum ne. Sai an jima."

Saƙon ranar shi ne ya canza komai. Dada tana da hawan jini, ta daɗe a kan magani, safe da yamma. Ga abin da aka rubuta mata, kuma wannan ban manta ko kalma ɗaya ba: "'Yar Gololo, ki daina wahalar da kanki da ƙwayoyin nan. Ba kya buƙatarsu. Na gyara miki wuri, akwai inuwa." Mahaifiyarku ta ce ta so ta tsallake wurin, amma Dada ta lura an tsaya da karatun a tsakiya, ta ce karanta min duka, ba ke aka aiko wa ba. Daga ranar ta ture maganin. An yi lallashi, an kira ƙanwarta daga Gololo, an kawo malami ya gaya mata matattu ba sa aiko da saƙo. Ta saurare shi da ladabi har ya gama, ta sa aka ba shi goro, ba ta sha ba. Juma'ar da ta biyo saƙon ya ce, "Madalla. Kin ji jikinki ya yi sauƙi, ko?" Kafin wata Juma'ar ta faɗi a bakin randa, aka ɗauke ta a keke napep zuwa asibiti. Likita ya ce mun yi sa'a, ya ce kuma kada mu sa ran sa'a ta biyu.

Na je wurin Yaya Kabiru na ce ina so in gyara saitin sabar yadda babu mai iya aikawa da sunan wani. Ya daɗe yana murza mabuɗin nan a aljihunsa.

"Na ce ba a taɓa komai sai an raba."

"Yaya, ba zan goge komai ba. Ƙofa kawai zan rufe."

"In kuma shi ne fa?"

Ban yi tsammanin jin haka daga bakinsa ba. Mutum ne mai ilimi, ya fi ni karatun addini. Ya sunkuyar da kai ya ce shi dai bai ba ni izini ba, kuma in na yi, in je in gaya wa Dada da bakina, kada in sa shi a ciki.

Ranar da aka sallamo ta na je. Na cire takalmi na durƙusa a bakin ƙofa, labule tsakaninmu, kamar yadda na saba tun da na zama surukinta. Na gaishe ta da jiki. Na yi ta kewaye-kewaye ina bayanin layi da saiti, har ta katse ni.

"Mijin Rakiya, ka ɗauka ni yarinya ce? Ni na ga an fita da shi. Na san ba shi ba ne."

"To Hajiya, tunda an sani..."

"Amma wanda yake rubutawa ya san maganarsa. Duk gidan nan tun da ya tafi ba wanda ya tsokane ni, kowa sai sannu, sai ya haƙuri. Ka bar min."

"Hajiya, maganin fa?"

"Wannan tsakanina da shi ne."

Da shi ta ce. Bayan ta gama gaya min ta san ba shi ba ne. Na ji ƙarar carbinta, na tashi na fita.

Ni mutum ne mai tsoro, kun san ni. Ban taɓa saɓa wa na gaba da ni ba kafin wannan rana, kuma ban tuna na sake ba bayanta. Ranar Alhamis da hantsi, ana ta hidima a ofis, na zauna gaban sabar. Na fara kwafe saitin yadda yake na adana, don in magada sun ce a mayar, a iya mayarwa. Sannan na cire layin da ke cewa a yarda da duk wanda ke kan layin gida. Na sa dole duk mai aikawa ya shiga da sunansa da kalmar sirrinsa, kuma sunan da ke kan saƙo ya zama na wanda ya shiga, ba na wani ba. Na kulle hanyar da kalmar sirrin ke bi don kada a tsince ta a tsakani. Na canza kalmar mai kula da sabar, wadda har ranar ita ce wadda ta zo da ita daga masu ƙera ta. Adireshin Alhaji ban goge shi ba, duk saƙonninsa suna nan ga magada, aikawa kawai na hana shi. Da zan sake kunna ta, yatsana ya daɗe a kan maɓallin. Na yi bismilla na danna. Sauran yinin na yi shi ina bin ma'aikata ina saka wa kowa kalmarsa a waya, suna ƙorafi, sakatare yana cewa yanzu wa zai saurari saƙon da ya zo da sunansa shi.

Washegari na sake tsayawa a ofis, wannan karon ni kaɗai, Emeka ya ce yana da baƙi. Lokacin huɗuba layin ya fito. Mai aikawa, Alhaji. Mai karɓa, Dada. Sabar ta nemi kalmar sirri, ba a ba ta ba, ta ƙi. Aka sake gwadawa, ta ƙi. Aka sake. Na kasa kunne ta bayan bango, babu ƙarar waya. Daga nan na tashi na tafi masallaci.

Mahaifiyarku ta ce Dada ta zauna da wayar a cinyarta har la'asar. Ba ta yi kuka ba. Da aka kira salla ta miƙa wa Rakiya wayar ta ce kai wa mijinki, tunda shi ne mai iko da ita. A makonnin farko a kunu ake niƙa mata maganin, daga baya ta koma karɓa da hannunta. Ta yi shekaru bayan haka, kun san ta, ta goya wasunku. Amma tun daga ranar ba ta sake amsa gaisuwata kai tsaye ba. In na durƙusa na ce an wuni lafiya, sai ta juya ga wanda ke kusa ta ce, ku ce masa lafiya lau. Ranar sunan babbarku haka ta yi, ranar da na dawo daga Hajji haka ta yi. A wurinta maganar rufe baki ta fito, kawunnanku suka ɗauka.

Akwai abin da ban taɓa gaya wa kowa ba sai Emeka. Ƙwanƙwasawar da ake yi wa sabar ba ta tsaya ba. An yi rabon gado, an buɗe ofishin Alhaji, an sami wayarsa a mace ba ko ɗigon caji. Takaba ta ƙare. Amma duk Juma'a, lokacin huɗuba, layin nan yana fitowa, sabar tana ƙi. Emeka ya ce wata tsohuwar waya ce da saƙo ya maƙale a cikinta take ta gwadawa, kuma yana iya yiwuwa, ko da yake ban san wayar da ta san Juma'a ba. Na duba wayoyin gidan da aka yarda na duba, ban sami komai ba. Ba duka aka ba ni ba, kuma akwai waɗanda ban nema ba. Abin ya tsaya a makon da Dada ta rasu. A wannan makon ne kuma baƙi suka cika gidan aka yi ta sauye-sauye, har aka cire tsohon layin ba da jimawa ba, don haka ba zan ce ga dalili ba.

Abin da ke damuna shi ne, a yadda na saita ta, sabar tana ƙin mutum tun a bakin ƙofa, kafin ta karɓi abin da ya zo da shi. Saboda haka ban san abin da ke cikin ko ɗaya daga saƙonnin da na hana ba. Wataƙila kira ne irin na baya, kuma da sun shiga da ba ku san kakarku ba. Wataƙila kuma mai rubutawar ya tsorata da faɗuwarta, yana ta ƙoƙarin ce mata ta sha maganinta, da muryar da ita kaɗai Dada za ta saurara. Ina ganin da za a mayar da ni ranar Alhamis ɗin nan, zan sake dannawa. Ina ganin haka ne, ban tabbata ba.

Yaya Kabiru yana nan da ransa, Emeka yana nan a shagonsa, da wasu daga matan gidan. Duk wanda ya ga na yi kuskure a abin da na rubuta, ko na sa masa maganar da bai faɗa ba, ina roƙonsa ya aiko da gyara, zan saka a inda ya dace. Wanda kuma ya san hannun da ke rubutawa, ko shi ne da kansa, ba ni da niyyar tona shi, kuma na daɗe da yafewa in akwai abin yafewa. Ina so ne kawai in ji abin da yake ce mata duk waɗannan shekarun. Amma kada ya aiko a rubuce. Ya zo da kansa, ya yi sallama a ƙofar gidana, in ga fuskarsa.